Tarihin Jirgin Ƙasa a Nijeriya: Matsayin Kaya da Fasinja a Tashi da Faɗuwar Reluwe

1.0 Gabatarwa

A tarihin tattalin arzikin Nijeriya na ƙarni na ashirin, da wuya a sami wata ma'aikata wadda ta taɓa rayuwar manomi da falke da lebura kamar ma'aikatar jiragen ƙasa, wadda Hausawa suka fi sani da sunan Reluwe. Daga 1912 zuwa tsakiyar shekarun 1960, mafi yawan abin da ƙasar Hausa ta sayar wa ƙasashen ƙetare, da mafi yawan hajar da ta sayo daga can, a kan dogo suka bi. Bayan wannan zamani sai ma'aikatar ta shiga durƙushewa, har aka kai lokacin da yaro zai tashi a Kano ko Gusau, ya balaga, bai taɓa shiga jirgi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tashi da faɗuwar wannan ma'aikata. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kaya ne suka riƙe jirgin ƙasa tun farkonsa, fasinja kuwa a inuwar kaya ya shiga. Sa'an nan kuma manoma da fataken Arewa su ne suka zaɓi irin kayan da jirgin ya ɗauka, saɓanin abin da masu shimfiɗa dogon suka tsara. Fahimtar wannan al'amari na da muhimmanci a yau, ganin irin bashin da ƙasa ta ciwo domin gina sababbin hanyoyi.

2.0 Shimfiɗa Dogo, 1896–1930

An fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, aka buɗe hanyar zuwa Badun a 1901, ta isa Jabba a bakin kogin Kwara a 1909. A wannan lokaci Arewa da Kudu gwamnatoci biyu ne dabam, kowace da baitulmalinta. Gwamnatin Arewa ba ta iya ɗaukar nauyin kanta, sai da tallafin da ake aiko mata daga Ingila kowace shekara, saboda haka hankalin manyanta ya karkata ga neman hanyar da za ta fitar da amfanin ƙasa zuwa teku. Abin da aka fara samu a zamanin Gwamna Lugga shi ne wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa Zungeru da kogin Kaduna, domin jigilar kayan gwamnati.

A 1907 aka naɗa Sir Percy Girouard shugabancin Arewa. Shi injiniyan soja ne, mutumin Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a Sudan. A hannunsa aka fara hanyar Baro zuwa Kano, mai tsawon mil 356. Dabarar ita ce jiragen ruwa su kawo kaya Baro, a ƙasar Nufe, daga nan jirgin ƙasa ya ɗauka. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Amma ruwan Kwara yakan janye da rani, manyan jirage su kasa isa Baro; da hanyar Ikko ta sadu da ta Baro a Minna, sai harka ta koma Ikko, Baro kuwa ta zama kufai. A Jabba, da fito ake ƙetarar da taragai har zuwa lokacin da aka kammala gada. Cikin watan Oktoba na 1912 aka haɗe hanyoyin biyu a ƙarƙashin ma'aikata guda. Watau ke nan an haɗe jiragen ƙasa kafin a haɗe ƙasar kanta a 1914.

Sauran hanyoyin duk wani kaya ne ya ja su, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuza ta ja siririyar hanyar Zariya zuwa Bukur, wadda aka gama a 1914, aka rufe a 1957. Kwal ya ja hanyar Fatakwal zuwa Inugu, wadda aka gama a 1916, daga baya aka miƙa ta arewa ta Makurɗi da Kafanchan har ta sadu da ta yamma a Kaduna. A 1927 reshen Kafanchan ya isa Jos, a 1932 kuma aka buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai. Auduga da gyaɗa suka ja reshen Zariya zuwa Funtuwa da Gusau da Ƙaurar Namoda a 1929. Gyaɗa da dabbobi da fatu suka ja reshen Kano zuwa Nguru a 1930.

Duk wanda ya dubi taswirar waɗannan hanyoyi zai ga layi biyu ne suka taso daga bakin teku suka nufi Arewa, babu wanda ya ratsa daga gabas zuwa yamma. Tsofaffin birane irin su Sakkwato da Katsina da Daura dogo bai je musu ba. Har wa yau, saboda tsimin kuɗi, an yi hanyar layi ɗaya ne, faɗinta ƙafa uku da rabi, ga yawan kwana da hawa da gangara. Irin wannan hanya ta dace da jirgin kaya wanda ba ya gaggawa, amma ta zamar wa ma'aikatar tarnaƙi ranar da mota ta fito takara.

Ma'aikatan da suka yi haƙa da ciko talakawa ne, waɗanda sarakuna da hakimai suka tattaro bisa umurnin Rasdan, galibi ba da son ransu ba. An biya su da tsabar kuɗin Turawa, kuma da wannan kuɗi aka riƙa karɓar haraji. Ta haka aikin dogo ya taimaka wajen ture wuri daga kasuwanni. Wannan zamani ya bar alama a adabi, domin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda aka yi aikin a ƙasarsa kuma a zamaninsa, ya tsara Waƙar Diga a kan wannan aiki da zuwan jirgi.

3.0 Auduga da Gyaɗa

Babban abin da masaƙun Ingila suka sa rai a kai shi ne auduga. Ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga ta kafa injin gurza a Zariya, bisa zaton da zarar jirgi ya iso, audugar ƙasar Hausa za ta kwarara zuwa Lankasha. Abin da suka manta shi ne, audugar tana da masu ita. Masaƙa da marina na Kano da kewayenta suna biyan farashin da ya fi na Turawa, kuma tufafinsu na da kasuwa har cikin Azbin da Barno.

Manomin Kano sai ya juya ga gyaɗa. Dalilansa kuwa a fili suke: ƙasar jigawa ta karɓi gyaɗa, ana iya shuka ta tare da gero da dawa, in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta ko a matse mai a yi ƙuliƙuli, harawarta kuma abincin dabbobi ce. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ruwa a jallo. Kamar yadda binciken Jan Hogendorn ya nuna, kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, saboda haka suka dogara ga attajiran Kano waɗanda suka gogu a fataucin goro na Gwanja. Waɗannan attajirai suka baza yaransu cikin karkara, suka ba da kuɗi da tufafi da gishiri tun kafin kaka, suka tattaro amfanin gona a kan jakuna da raƙuma zuwa bakin tasha. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1913 ta kai kimanin tan dubu 19, alhali kafin isowar jirgi Kano abin bai taka kara ya karya ba. Daga cikin attajiran da suka yi fice a wannan harka daga baya akwai Alhaji Alhassan Ɗantata. Auduga kuwa sai daga baya ta samu gindin zama, musamman a yankin Funtuwa da Gusau.

Amfanin hanyar bai tsaya a iyakar Nijeriya ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana fita ta tashoshin Arewa, har hukumomin Faransa suka tashi tsaye a shekarun 1950 domin karkatar da ita zuwa Kwatano.

Akwai wani abu game da dalar gyaɗa wanda ba a cika ambata ba. Jama'a sun ɗauke ta alamar arziki, kuma haka ne. Amma dalilin tsayuwarta shi ne jirgi ba ya iya kwashe amfanin kaka a kan lokaci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da injuna da taragai suka tsufa aka rasa na maye gurbinsu, sai da gyaɗar wata shekara ta tarar da ta wata shekara a filin Kano. Tun a lokacin da Reluwe ke ganiyarta, ƙarfinta bai kai na manomin da take yi wa aiki ba.

4.0 Fasinja da Fatauci

Taragan fasinja hawa uku ne: faskila, wadda a farkon zamani kusan ta Turawa ce, da sikinkila ta manyan akawuna da attajirai, da kuma ta uku mai bencin katako, inda talakawa ke cunkushe da kayansu. Da yawa daga cikin masu shiga ta ukun 'yan kasuwa ne, tafiyarsu da ta kayansu ɗaya ce.

Fataucin goro shi ne ya fi sauya kama. A da ayari kan share watanni tsakanin Kano da Gwanja, ga fashi ga kuɗin fito. Da jirgi ya samu, sai goro ya riƙa zuwa Ikko ta teku, daga can ya hau dogo ya iso Kano cikin 'yan kwanaki. Da yake goro kaya ne mai saurin lalacewa, wannan sauƙi ya karya tsohuwar hanya. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi dashen irin goron da Hausawa ke ci, Hausawa kuma suka kafa zango-zango a garuruwan da ke bakin hanya. Sabon Badun, wanda Abner Cohen ya nazarta, misali ne na irin wannan zango, inda masu gida ke saukar da baƙi, su tsaya musu wajen ciniki da bashi. Shanu kuma suka riƙa gangarawa Kudu, waɗansu a ƙasa waɗansu a taragai. A ɗaya ɓangaren, jirgi ya ƙarasa kashe fataucin hamada, domin hajar da ke zuwa daga Tarabulus a kan raƙuma ta koma bin teku da dogo.

Ban da manyan jiragen da ke haɗa Ikko da Fatakwal da Arewa, akwai ƙananan jirage masu tsayawa a kowace tasha, waɗanda mutanen karkara suka mayar abin zuwa cin kasuwa. A Ikko kuwa, jiragen da ke tashi daga Iddo zuwa unguwannin bayan gari su ne ma'aikata ke bi safe da yamma. Irin wannan sufuri kuɗinsa kaɗan ne, ɗawainiyarsa da yawa. Ribar gyaɗa da kuza da kwal da sauran kaya ita ce ke rufa masa asiri.

5.0 Garuruwa, Ma'aikata da Harshe

Jirgi ya raya waɗansu garuruwa, ya rage wa waɗansu daraja. An mayar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, kuma kasancewarta a kan dogo na cikin dalilan zaɓenta. Kafanchan ta girma ne a matsayin mahaɗa. Funtuwa da Gusau da Malam Madori da Nguru sun haɓaka saboda sikeli da kantuna da aka kafa kusa da tashoshinsu. A Kano da Zariya an ajiye tasha a wajen ganuwa, sai sababbin unguwanni suka tashi kusa da ita, musamman Sabon Gari, inda akasarin akawuna da makanikai da direbobi 'yan Kudu suka zauna. Wannan rabuwar mazauni ta yi tasiri mai nisa a zamantakewar biranen Arewa.

Ma'aikatan Reluwe su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin ƙwadago na farko. Shugabansu Michael Imoudu, wanda gwamnati ta tsare a 1943, shi ne ya ja gaba a babban yajin aikin da aka fara a watan Yuni na 1945 a kan kuɗin tsadar rayuwa. Yajin ya ɗauki kimanin mako shida, kuma tsayuwar jirage ce ta sa gwamnati ta ji a jikinta.

Harshen Hausa ma ya adana wannan tarihi. Kalmar jirgi a asali sunan abin fito ne a ruwa. Da sabon abu ya zo sai aka faɗaɗa ma'anarta aka ce jirgin ƙasa, daga baya aka gina jirgin sama a kan wannan ƙira. Kalmar dogo siffa ce ta asali wadda aka mayar suna. Waɗansu kalmomin kuwa aro ne daga Ingilishi, aka yi musu kwaskwarima suka dace da tsarin sautin Hausa, kamar reluwe da tasha da diga da lebura da tarago da tikiti da fasinja. Abin lura shi ne, tasha da fasinja da tikiti sun bar dogo sun koma hannun 'yan mota, har yawancin masu amfani da su ba sa danganta su da jirgi.

6.0 Kafa Hukuma da Shekarun Ganiya

A 1955 aka yi dokar da ta mayar da ma'aikatar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, mai hedkwata a Ebute Metta, aka ba ta ikon mallaka da gudanar da dukkan hanyoyin dogo na ƙasa ita kaɗai. Babban aikin da ta yi shi ne hanyar Barno, wadda ta tashi daga Kuru kusa da Jos, ta bi ta Bauchi da Gwambe, ta isa Maiduguri a 1964. An fara ta a 1958 da taimakon rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya. Da ita tsawon hanyoyin hukumar ya kai kilomita 3,505. A 1964 hukumar ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3.

7.0 Durƙushewa

Shekara goma bayan haka, watau a 1974, fasinja sun ragu zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma zuwa tan miliyan 1 da ɗan ɗori. Ruwa ba ya tsami banza. Rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas suka bar tashoshin Arewa, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya katse hanyar gabas, ya lalata gadoji da injuna. Sa'an nan fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen fitar da ita. Haƙar kuza da ta kwal duk suka ja baya. Kuɗin man fetur kuwa aka zuba su a tituna, manyan motoci suka riƙa ɗaukar kaya daga ƙofar sito zuwa ƙofar sito, abin da jirgi ba ya iyawa. Bututun mai da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 ya janye wani kason na jigilar. A duk tsawon wannan lokaci hanyar tana nan yadda Girouard da magadansa suka bar ta.

An sha gwada magani. An damƙa gudanarwa ga kamfanin RITES na Indiya daga 1979 zuwa 1982. An naɗa Samuel Ogbemudia shugaba mai cikakken iko a 1989. An ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995. Kowane daga cikin waɗannan ya kawo 'yar farfaɗowa, amma da tallafi ya yanke sai a koma gidan jiya. Dalili kuwa shi ne, an yi ta gyaran injuna da taragai, ba a maido da kayan da za su ciyar da su ba. Da kaya suka tafi, fasinja ya rasa mai ɗaukar nauyinsa: jirgi ya riƙa makara da kwana a daji, albashi da fansho suka riƙa maƙalewa, rassa suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

8.0 Sababbin Hanyoyi

A watan Disamba na 2012 aka maido da jirgin Ikko zuwa Kano a kan tsohuwar hanya bayan gyara, tafiyar da ta riƙa cin sa'o'i talatin ko fiye. Daga nan hankali ya koma ga sababbin hanyoyi masu faɗin milimita 1,435, maimakon 1,067 na tsohuwar. An buɗe ta Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, a 2016. Ta Itakpe zuwa Warri, wadda aka fara tun 1987 domin ƙarfen Ajakuta, a 2020. Ta Ikko zuwa Badun a 2021. A 2021 ɗin kuma aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Daura da Katsina, biranen da dogon farko ya tsallake. A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shiga harkar, wanda ya kawo ƙarshen keɓantar da dokar 1955 ta ba hukumar.

Waɗannan hanyoyi da fasinja suka fara. Cikar da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya yi ta samu ƙarfi ne daga tsoron masu satar mutane a kan titi, har harin da aka kai wa jirgin kansa ranar 28 ga Maris, 2022 ya tsayar da shi zuwa watan Disamba na wannan shekara. Ta fuskar kaya kuwa, an buɗe tashoshin tudu na sauke kayan teku a Kaduna a 2018 da Kano a 2023, amma amfaninsu ya rataya ne ga samun jirgin da zai riƙa haɗa su da Apapa ba yankewa. Bambancin faɗin tsohuwar hanya da sabuwa ma wata matsala ce, domin taragon ɗaya ba ya hawa ɗaya.

9.0 Kammalawa

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, saboda haka ba abin mamaki ba ne dattawa su riƙa begen zamanin da kukan jirgi ke gaya wa mutanen gari lokaci. Amma abin da tarihi ya nuna ya wuce bege. An gina dogo domin auduga, manoma suka cika shi da gyaɗa. An tanadi taragai domin hajar kamfanoni, fatake suka cika su da goro da shanu. Jirgin ya yi ƙarfi muddin gonaki da ma'adinai na ba shi lodi, ya durƙushe sa'ad da suka daina. Rancen da aka gina sababbin hanyoyi da shi dole a biya, kuma tarihin hukumar bai nuna cewa kuɗin tikiti kaɗai zai ɗauki wannan nauyi ba. Don haka ya wajaba masu tsara hanyoyin Kano da Katsina da Maraɗi su san tun yanzu irin kayan da za su hau kansu, daga wace gona da wace masana'anta, kuma su nemi sanin haka daga manoma da 'yan kasuwar da za su yi lodin. Ga masu nazarin harshe da al'ada kuwa, akwai aikin gaggawa na tattara kalmomin ma'aikatan Reluwe da labarun tsofaffinsu a Zariya da Kafanchan da Minna da Nguru, tun waɗanda suka yi aikin suna da rai.